Yadda Muka Kwashe Da Ƙofar Ƙanƙara

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, babu ɗan attajiri babu 'yar talakawa, babu kishiya ballantana boka. Labarin firijina ne, shi ma ba gaba ɗayansa ba, wata 'yar ƙofa ce a jikinsa wadda faɗinta bai wuce murfin kofin silba ba. Amma wannan 'yar abu ta hana ni barci kusan mako uku, ta ci mini kuɗi, ta kuma kusa haɗa ni da maigidana a tsakiyar watan azumi.

Bari in faro muku daga tushe. A shekarar 2011 na fitar da wani littafi mai kashi uku, Allah kuma Ya ba shi farin jini, har sai da aka sake buga shi sau biyu. Lokacin kasuwar littafi tana da sauran numfashi, in ka je wajen 'yan littafi na Bata da bakin kasuwar Sabon Gari za ka ga dillalai daga Sakkwato da Gusau, har da na Maraɗi da Damagaram, suna ɗaure kaya. Da kuɗin suka taru a hannuna, ƙawayena marubuta kowa da shawararta, wata ta ce sarƙar gwal, wata ta ce fili a bayan gari ko da rabin fuloti ne. Ni kuwa na ce firij zan saya, kuma mai ƙofa biyu, irin wanda ake tura kofi a cikinsa ƙanƙara ta zubo.

Kada ku yi mini dariya, ina da dalili. Duk wanda ya karanta littattafaina ya san babu gidan attajirin da na taɓa ginawa da biro ban ajiye irin wannan firij a kicin ɗinsa ba. Jarumin zai dawo daga ofis ransa a ɓace, ya sassauta wuyan riga, ya kara kofin gilashi, ƙanƙara ta zubo ƙwal-ƙwal-ƙwal. Na rubuta wannan ya fi sau ashirin alhali ban taɓa ganin abin da idona ba sai a fim. To ranar da na gan shi a shagon masu kayan Beljiyam, dogo, fari, ya ɗan sha jiki amma da sauransa, sai na ji kamar ɗaya daga cikin jarumaina ne ya fito daga takarda yana jirana.

Da aka sauke shi a tsakar gida, ƙarti huɗu suna haki, Malam ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, "Hajiya, kin sayo wa kanki miji na biyu." Ban tanka ba. Ashe da gaskiyarsa. Da farko dai firijin ɗan Amurka ne, wutarsu ta can 110 zuwa 120 ce, tamu kuwa 230, don haka dole aka saya masa taransifoma mai sauke wuta, wata baƙar aba mai nauyin dutsen niƙa. Na biyu, lambobin da ke gabansa 0 da 37 suke nunawa, na yi ta zaton lalacewa ce, sai daga baya na gane ma'aunin Amurkawa ne, sifilinsu na firiza shi ne digiri 18 ƙasa da sifili a namu lissafin. Na uku, wanda ya fi ba ni haushi, injin da ke yin ƙanƙarar da kansa yana son a jona shi da famfo mai ƙarfin tura ruwa. Mu kuwa unguwarmu rabon famfo da ruwa tun ina amarya, 'yan garuwa ne gatanmu. Sai na koma ina daskarar da ƙanƙara a 'yan faranti, in juye ta cikin akwatin da ke sama, don dai in baƙi sun zo a tura kofi a ji ƙwal-ƙwal ɗin nan. Haka muka zauna da shi shekara goma sha uku.

A cikin waɗannan shekaru kasuwar littafi ta yi abin da ta yi. Waya ta shigo, 'yan mata suka koma karanta labari a WhatsApp, takarda ta yi tsada, masu shaguna da yawa suka koma sayar da wani abin. Firijin da na saya don kwalliya sai ga shi ya zama abin neman abinci. Ina ƙulla ƙanƙara a leda, ina yin zoɓo da kunun aya da lamurje, musamman da azumi, yara su yi layi a zaure kafin magariba. Cinikin azumi ɗaya shi ke yi wa yara kayan sallah, ya kuma rage mini kuɗin makarantar zango na uku. Ba ƙaramin abu ba ne a gidan da albashi ɗaya ke shiga.

Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, kuma duk wanda ya yi shi a Kano ba sai na ba shi labarin zafin ba. Ga wuta sai an ga dama, ga man fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 janareta ya zama sai dole. Ƙanƙara ta zama gwal. Kuma daidai wannan lokaci ne firijina ya zaɓa ya yi mini tutsu. A da in aka bar wuta awa shida ko bakwai cikin dare, leda ta daskare kamar dutse, ta kuma riƙe har la'asar. Yanzu sai in buɗe da safe in tarar da rabi ruwa rabi ƙanƙara, kafin azahar duk ta saki. Bangon ciki ya yi farin gemu da dusar ƙanƙara, ta cikin akwatin sama ta dunƙule wuri guda kamar an zuba siminti, ɓangaren firij ɗin kuma, inda nake ajiye miya da kunun aya, ya koma kamar kabad. Kunun aya kun san ba ya haƙuri. Roba biyu na zubar a kwata rana ɗaya, ina zubarwa ina hawaye.

Na aika aka kira mai gyara. Ya zo da 'yar tukunyar gas a bayan babur, ko buɗe firizar kirki bai yi ba, ya kara kunne a baya ya ce, "Hajiya, gas ne ya ƙare." Ya yanke, ya ɗura, ya liƙe, ya karɓi N18,000 ya tafi. Kwana uku babu abin da ya canja. Na kira wani, shi kuma ya dafa kwamfireso ya ji zafi ya janye hannu, ya ce ai wannan ya gaji, sai dai a sa sabo, ya faɗi kuɗin da ya sa na nemi kujera na zauna. Kafin ya fita har ya yi mini tayin kawo 'yan gwangwan su saye shi a kilo.

Da dare bayan asham Malam ya ce, "Hajiya, ki bar wahalar da kanki. A sayar da shi, in cika miki, ki sayi 'yar firiza mai murfi irin ta kowa." Zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne, shawararsa ita ce ta hankali. Firiza mai murfi a sama ta fi riƙe sanyi, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, ƙasa take kwanciya, ko an ɗaga murfi tana nan a ciki kamar ruwa a randa. Mai ƙofa a tsaye kuwa kana buɗewa sanyin ke zubowa ƙafarka. Duk mai sana'ar ƙanƙara ta san wannan. Amma ni abin da na ji a kunnena daban ne. Ji na yi kamar an ce littafin nan na 2011, da duk abin da ya rage mini na shaidar na taɓa cin kasuwa, a ɗora shi a sikeli. Na ce masa, "Malam, ko allura ba za ta fita daga gidan nan ba." Ya ce Allah Ya ba da haƙuri, ya juya ya kwanta. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A dare na uku aka kawo wuta wajen ƙarfe biyu. Na tashi in ɗora sahur, ina tsaye gaban firijin ina jiran ruwa ya tafasa, sai na ji wani sanyi-sanyi yana sauka a bayan hannuna, daidai ramin da ake tura kofi. Na duba ɗan farantin da ke ƙasan ramin, ya cika da ruwa har yana ɗiga. Na ɗauko tocila na durƙusa na leƙa sama. Wallahi shekara goma sha uku ina tare da firijin nan ban taɓa leƙa wurin ba. Ashe can sama akwai wata 'yar ƙofa zagayayya mai roba a baki, ita ke toshe maƙogwaron da ƙanƙara ke biyowa daga ciki. Ga ta nan a sake, ta buɗe kamar faɗin yatsa biyu, har ina hango hasken tocilar yana shiga cikin firiza. Na sa yatsa na tura ta, ta rufe. Na danna madannin kofi, ta buɗe da ƙara, ƙas! Na saki, na jira, na jira, ta ƙi komawa.

Nan na zauna a ƙasan kicin na yi ta lissafi. Wato duk tsawon makonnin nan firizata a buɗe take kwana, a buɗe take wuni. Sanyi na zubowa ta maƙogwaro, iskar kicin mai zafi da tururin girki na shiga. Tururin in ya shiga sai ya daskare, shi ne farin gemun da nake gani, shi ne kuma ya liƙe ƙanƙarar akwati. Daga baya na fahimci har bayan bangon ciki yake kaiwa, ya lulluɓe bututun da ke yin sanyin, fanka ta kasa tura iska. Kuma ɓangaren firij ba shi da nasa injin, daga firiza ake ɗiba masa sanyi ta wata 'yar taga, shi ya sa uwa ta kwanta 'ya ma ta kwanta. Shi kuwa bawan Allah kwamfireso, da aka ce ya gaji, ina zai ƙi zafi, tunda an sa shi cika tulun da ke yoyo?

A daren na yanko soson tsohuwar katifa, na naɗe shi a leda, na cusa a maƙogwaron ta ciki. Da gari ya waye na kwashe komai, na zare soket, na bar ƙofofin a buɗe yini guda dusar ta narke da kanta. Kada wanda ya sa wuƙa ya ce zai kankare, in ka huda bututu to a lokacin ne gas ɗin zai ƙare da gaske. Dare biyu bayan nan leda ta daskare har tana tsagewa. Na ɗauko ɗaya na ajiye gaban Malam lokacin buɗa-baki ban ce komai ba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da cokali, ya ce, "To alhamdu lillahi. Sai a bar soson a wurin, magana ta ƙare."

Ga mai hankali ta ƙare ɗin. Soso ya yi aiki, ciniki ya dawo. Amma ni duk sanda na shiga kicin na tuna akwai tsumman katifa a maƙogwaron firijin da jarumaina ke shan ruwa a ciki, sai in ji wani abu ya tokare ni. Ban da haka autana ba ya jin magana, in ya danna madannin, ƙarfen nan mai murɗe da ke turo ƙanƙara zai yi ta tura ta kan soso, wata rana a karya wani abin.

Ranar Asabar na kira babbar 'yata, wadda ba na faɗin sunanta, kun san 'yar fari. Ita ce mai karatun kimiyya a gidan. Ta duba takardar da ke manne a bangon ciki ta kwafi lambar firijin, ta yi 'yan dube-dubenta a waya, ta ce, "Umma, noti huɗu ne kawai tsakaninmu da abin nan." Muka zare soket, wannan shi ne farko, kuma na sa ta nuna mini kan filogin a hannunta kafin in yarda. Muka cire farantin ƙasa. Ta sa bakin sukudireba mai faɗi a hankali ta ɓanɓaro allon da ke da lambobi, yana da 'yan haƙoran roba da ke riƙe shi, in aka yi gaggawa sai su karye. A bayansa wayoyi ne a jone da 'yan soket ƙanana. Kafin ta zare ko ɗaya sai da ta ɗauki hotonsu, dabarar da ni ba za ta taɓa faɗo mini ba. Sannan noti huɗu, muka zaro wani murfin roba, sai ga cikin abin a fili.

Abin bai kai yadda nake tsoro ba. 'Yar ƙofar tana maƙale a jikin wani hannu na roba mai juyawa. A gefe ɗaya na hannun akwai sifirin, aikinsa ya riƙa danne ƙofar a rufe. A ɗaya gefen akwai wani naɗin waya mai rami a tsakiya, da sandar ƙarfe mai kaurin fensir a cikin ramin. Sunansa solinoyid. In ka danna madanni wuta ta shiga naɗin, sai ya zama mayen ƙarfe, ya fizgo sandar, sandar ta ja hannu, ƙofa ta buɗe. Wannan fizgar ita ce ƙas ɗin da ake ji. In ka saki, ana jinkirta 'yan daƙiƙai don sauran ƙanƙarar da ke hanya ta gama faɗowa, sai wuta ta yanke, sifirin ya mayar da komai. Ba kowane firij ke da wannan tsari ba, wasu ɗan ƙaramin moto ne ke buɗewa da rufewa, wasu kuma babu wuta a ciki sam, madannin ne ke tura ƙofar. Namu dai mai mayen ƙarfe ne.

Sandar nan ta yi tsatsa ja wur, ta kumbura, sai da filaya muka zaro ta. Dalilin a bayyane yake. Firijin an yi shi ne don ƙasar da wuta ba ta yankewa. Mu nan kullum sai ya daskare ya narke, ya daskare ya narke, ruwan da ke tsatsafowa daga maƙogwaro yana sauka kan ƙarfen shekara da shekaru. Ni ma na taimaka, don da damina in wurin ya yi baƙi-baƙi da ruwan omo nake watsa masa. Muka goge sandar da samfefa har ta yi haske, muka naɗe samfefar a jikin biro muka goge cikin ramin. Na miƙo man gyaɗa in shafa, yarinyar ta riƙe hannuna. Ta ce man girki daɗewa yake ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta manne masa, a koma gidan jiya.

Sai kuma muka ga sifirin ɗin ma ƙafarsa ɗaya ta cinye ta karye. A nan ne na kawo tawa hikimar ta marubuta. Na ɓalle sifirin ɗin abin maƙale shanya, na ce ai kamarsu ɗaya. Muka lanƙwasa shi muka sa, muka mayar da komai, muka jira wuta har bayan isha'i. Da aka kawo na danna. Abin ya yi wani gurnani, zzzz, ƙofa ko motsi. Sifirin ɗin ya fi ƙarfin mayen. Yarinyar ta yi wuf ta zare soket kafin naɗin ya ƙone, ta dube ni tana danne dariya. A da ƙofa ta ƙi rufuwa, yanzu na mayar da ita ta ƙi buɗuwa.

Ranar Litinin na ƙulle gawar sifirin da solinoyid ɗin a leda, na hau adaidaita sahu da azumi a bakina na nufi Sabon Gari. Na sha yawo. Shagon farko suka ce ba a kawo irinsa, na biyu suka miƙo mini wani sabo fil a kwali, na kusa biya, sai Allah Ya sa na tuna na duba jikinsa na ga 220 a rubuce. Nawa 120 ne. Daga ƙarshe wani yaro ya raka ni wani lungu, wurin wani dattijo da ke zaune a tsakiyar matattun firij sun fi talatin, wasu a tsaye wasu a kwance, kamar maƙabarta. Na gaishe shi na zazzage ledar a gabansa.

Ya ɗaga sandar ya duba ya ce, "'Yata, wa ya kwance miki wannan?" Na ce, "Baba, ni da 'yata." Ya yi murmushi ya ce, "An dai ɗura miki gas kafin nan ko?" Na ce an ɗura. Ya girgiza kai. Shi ne ya yi mini bayanin da na so a ce na ji shi tun kafin in rabu da N18,000. Gas ɗin firij ba kamar na girki ba ne da ake ƙonawa ya ƙare. A rufe yake cikin bututu, zagayawa kawai yake yi, zai iya shekara ashirin bai ragu ba. In ya ragu to akwai inda yake tsiyaya, kuma wanda ya ɗura bai nemo hujin ba ya sayar maka da iska ne. Ya ce kafin a taɓa bututu, robar bakin ƙofa ake fara dubawa, da fanka, da abin da ke narkar da dusa, da irin wannan 'yar ƙofa. Ya tashi da kyar, ya zagaya bayan wani firij mai kama da nawa sak sai dai shi baƙi ne, ya kwanto sifirin da solinoyid ɗinsa. Ya ɗora wayoyin mita a kan naɗin ya nuna mini allura ta motsa, alamar wayar ciki ba ta tsinke ba. Kuɗin da ya karɓa bai kai abin da na kashe a adaidaita zuwa da dawowa ba.

Ya kuma ce in duba robar bakin 'yar ƙofar, don in ta daɗe a sake takan bushe ta karkace. Haka kuwa aka yi, gefe ɗaya ya shanye. Muka jiƙa ta a ruwan zafi ta yi laushi, muka danne ta da faranti a kan tebur har ta huce a miƙe. Muka wanke bakin maƙogwaron, wanda zaƙin zoɓon da yara ke fantsamawa ya sa shi danƙo. Sannan muka mayar da komai bi da bi muna duba hoton waya. Noti ɗaya ya faɗa ƙarƙashin firij, autana ya kwanta ya zaƙulo shi da tsinken tsintsiya, ya ce ladansa leda biyu ta kunun aya.

Ba a kawo wuta ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare. Na tashi yarinyar, muka tsaya mu biyu a kicin. Na yago 'yar takarda daga littafin da nake rubutu, na riƙe a bakin maƙogwaro, ta danna madanni. Ƙas! Ta saki. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai muka ji ɗan tattausan sauti, tup, ƙofar ta kama takardar. Na ja, na ji tana riƙe. Muka gwada ta kowane gefe. Muka kashe fitila, ta sa tocila a cikin firiza ta rufe, na durƙusa na leƙa daga ƙasa. Duhu ƙirin, ko ɗigon haske babu.

Da sahur Malam ya shigo kicin neman ruwa, abin da ba ya yi. Ina kallonsa ta wutsiyar ido ya ɗauki kofi ya tura. Ƙanƙara ta zubo ƙwal-ƙwal-ƙwal. Ya janye kofin, amma bai tafi ba, ya tsaya ya karkata kai yana saurare har sai da ya ji tup ɗin. Sannan ya kurɓi ruwan ya ce, "Hajiya, ina soson katifar nan? Kada a yar, a ajiye shi kusa."

Yana cikin durowar kicin har yau, a naɗe a ledarsa.